Kasuwar Baleyara: Yadda saƙon murya ya shiga tsakanin dillali da mai dabba

Ranar Lahadi kasuwar Baleyara ke ci, amma cinikin ragon da za a sayar a ranar kan fara tun kwana biyu kafin nan. Mai rago a wani ƙauye na Tagazar ko na ƙasar Kurfai zai sa yaro ya ɗauki hotonsa ta gefe da ta baya, a tura wa dillali. Dillali ya danna alamar makirfo ya yi bayani, ya tura wa wani falke a Yamai. Falken ya saurara, ya sake saurara, ya mayar da amsa. Kafin a ɗaure ragon a turke da safiyar Lahadi, mutum uku ko huɗu sun riga sun san abin da aka taya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya rubuta ko da harafi guda.

Baleyara na da nisan kusan kilomita 100 arewa maso gabas da Yamai, a kan hanyar Filinge, cikin kwarin Dallol Bosso a jihar Tillaberi. Tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na yammacin Nijar. Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Hausawan Kurfai duk a nan suke haɗuwa, kowa da harshensa, ga shanun Azawak waɗanda tashar kiwo ta Tukunus da ke kusa da Filinge ta shahara da su, ga tumaki da raƙuma, ga dankalin Bonkuku idan lokacinsa ya yi.

Abin da ke faruwa a cikin wayoyin wannan kasuwa shi ne ainihin abin da wani fannin ilimi ya shafe shekara 40 yana nazari: yadda mutum ke mu'amala da na'ura, da yadda jama'a ke haɗa kai su yi aiki guda ta hanyar na'urorin da aka jona da juna. A 1984 ne wasu masana biyu a Amurka, Irene Greif da Paul Cashman, suka raɗa wa ɓangaren aikin haɗin gwiwa na wannan fanni suna. A lokacin hankalinsu na kan ma'aikatan ofis masu kwamfuta a kan tebur. Yanzu tambayoyin nasu sun iso kara, inda mai wayar ke riƙe da igiyar sa a ɗaya hannun.

Abin da aka auna a kasuwannin Nijar

Nijar na cikin ƙasashen da aka fara auna tasirin salula a kan ciniki da alƙaluma. Layin salula ya shigo ƙasar a 2001, ya riƙa bazuwa gari-gari har zuwa 2006. Wannan ya bai wa Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki wadda a lokacin take Jami'ar Tufts a Amurka, damar kwatanta kasuwannin da rezo ya riga ya kai da waɗanda bai kai ba tukuna. Ta yi amfani da farashin da hukumar SIMA mai bibiyar kasuwannin amfanin gona ke tattarawa, ta kuma tattauna da ɗaruruwan 'yan kasuwar hatsi.

Sakamakon da ta wallafa a 2010 ya nuna cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 bayan zuwan waya, kuma raguwar ta fi yawa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa fatauci. Da, sai ɗan kasuwa ya hau mota ya kwana a hanya kafin ya san nawa tiyar gero take a wata kasuwa. Da waya, kira ɗaya ya wadatar.

Sai dai akwai kashi na biyu na labarin da ba a cika ambata ba. A wani binciken da Aker ta yi tare da Marcel Fafchamps, sun duba kuɗin da ke shiga hannun manomi da kansa. Sun ga bambancin farashi ya ragu a kan wake, wanda ba ya jure ajiya, amma ba su ga haka a kan gero da dawa ba, kuma matsakaicin abin da ake biyan manomi bai ƙaru ba. Wato labarin farashi ya fi amfanar wanda ke da mota da jari da sito. Manomin da bashi ya taso wa, ko da ya ji cewa hatsi ya fi daraja a Yamai, a gida zai sayar.

Makiyayin da ya koro dabba daga nesa zuwa Baleyara ya san wannan ba tare da an karanta masa ba. Idan ya iso kasuwa ya tarar ta faɗi, mayar da dabbar gida ma asara ce.

Dala a baki, faran a allo

Masu binciken mu'amalar mutum da na'ura sun fi damuwa da wani abu da masana tattalin arziki kan tsallake: me mutum ke gani idan ya kalli allon wayarsa, kuma me yake iya yi da shi?

A Nijar, manyan da ke iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma a karkara, musamman tsakanin mata, adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Ga shi kuma yawancin saƙonnin kamfanonin waya da jerin zaɓin da ke fitowa idan an danna lambobin tura kuɗi ko sayen mega da Faransanci suke zuwa.

Indrani Medhi da abokan aikinta na cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalore a Indiya sun gwada irin wannan da mutane marasa karatu a Indiya da Kenya da Filifin da Afirka ta Kudu. A rahoton da suka fitar a 2011, sun ce allon da ke cike da rubutu ba ya amfanuwa ga marar karatu da ya fara taɓa shi. Sun kuma gano cewa matsalar ta wuce haruffa. Tsarin nan na zaɓi a cikin zaɓi, ka danna 1 ya kai ka wani jeri, ka danna 3 ya kai ka wani, shi kansa abu ne da makarantar boko ke koyarwa ba tare da an lura ba. Hoto da murya sun taimaka. A wani gwajin kuma, magana da mutum mai rai a ɗaya ƙarshen layin ta fi rubutu ba da sakamako daidai nesa ba kusa ba.

A Baleyara akwai wani tarko da masu ƙera manhajoji a ƙasashen waje ba za su taɓa tunaninsa ba. Ba a ƙirga kuɗi da faran a bakin mutane. Da dala ake ƙirgawa, kuma dala ɗaya faran 5 ce. Abin da allo ya rubuta 500, a kasuwa dala ɗari ne. Abin da ya rubuta 1,000, jika guda ce. Mutumin da zai iya lissafin kuɗin shanu goma a ka ba tare da kuskure ba, sai ya tsaya yana juya lamba a gaban waya, domin dole ya ninka da biyar kafin ya danna, ya raba da biyar kafin ya gane abin da aka turo masa. Sifili ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu ya isa ya haddasa rigimar da sai an je gaban manya.

Ba abin mamaki ba ne da mutane da yawa a Nijar suka fi sakin jiki da ofisoshin tura kuɗi irin su Nita da Al Izza, inda akwai mutum a bayan kanta da za a faɗa wa adadin da baki, ya ƙirga a gaban ido, ya ba da takarda. Wani binciken da Aker da abokan aikinta suka wallafa a 2020 kan kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida ya nuna cewa amfani da asusun kuɗi na cikin waya ya yi ƙaranci a ƙasar, duk da cewa gidaje da yawa na da salula. Ga ƙasar Kurfai, inda gida da wuya ya rasa wanda ya tafi bida zuwa Najeriya ko Gana ko Abijan, wannan magana ce ta abincin damina.

Waya ɗaya, hannu da yawa

Kamfanonin da ke ƙera waya sun gina ta a kan zaton cewa mutum ɗaya ne mai ita, shi kaɗai ya san lambar sirri, shi kaɗai ke karanta saƙo. A ƙauyukan Dallol ba haka abin yake ba. Wayar maigida ita ce ta matansa da ta tsohuwarsa, wani lokaci har da ta maƙwabci. Ɗan makaranta ne ke adana lambobi, mai cajin waya a bakin kasuwa ne ke saka manhaja ya buɗe asusu, kuma sau da yawa shi ya zaɓi lambar sirrin.

Nithya Sambasivan da abokan aikinta sun yi nazarin wannan a unguwannin talakawa na Bangalore, suka gabatar da shi a 2010. Sun nuna cewa amfani da na'ura ta hannun wani tsari ne mai zaman kansa da ya kamata a ƙera na'urar domin sa, tun da ta wannan hanya ce miliyoyin mutane ke samun amfanin fasaha. Amma yana da tsada ta wani gefen. Matar da ɗanta ke kunna mata saƙon mijinta daga Legas ba ta da sirri. Dattijon da wani ke duba masa asusu ya dogara ne kacokan ga amanar wancan.

An gwada hanyoyi biyu na rage wannan dogaro a Nijar. Na farko shi ne shirin ABC, wanda ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Dosso da Damagaram a 2009 da 2010. A rabin azuzuwan yaƙi da jahilci, an ƙara koya wa ɗalibai yadda ake gane lambobi da haruffa a kan waya da yadda ake tura saƙo, aka kuma bai wa kowane mutum biyar waya guda su yi tarayya. Waɗanda aka koya wa wayar sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi, kuma fifikon bai gushe ba watanni bayan an rufe aji. Bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi shi ne cewa wayar ta ba su dalilin ci gaba da amfani da abin da suka koya.

Na biyu ya faru ne a jihar Tawa a 2010, lokacin ƙarancin abincin da ya biyo bayan farin 2009. Ƙungiyar Concern Worldwide ta raba wa mata tallafin jika 22 a wata har tsawon wata biyar a ƙauyuka 96. Wasu sun karɓa hannu da hannu, wasu ta tsarin Zap na kamfanin Zain, wanda daga baya ya koma Airtel. Gidajen da suka karɓa ta waya sun ci abinci mai nau'o'i fiye da na sauran da kashi 9 zuwa 16 cikin 100, yaransu kuma sun samu ƙarin abin da ya kai sulusin ci ɗaya a rana. Kuɗin iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne matan ba su ɓata wuni a tafiya da layi ba, kuma akwai alamun cewa da yake saƙon a ɓoye yake shigowa, sun fi samun ta-cewa a kan yadda za a kashe shi.

Zauren da kowa ke magana

A 2013 WhatsApp ya ƙara maɓallin saƙon murya. Babu wanda ya ƙera shi domin makiyayin Tagazar, amma da wuya a samu wata fasaha da ta dace da shi kamar wannan. Ba ya buƙatar haruffan ƙ da ɗ da ɓ waɗanda allon waya ke wahalar da masu Hausa a kansu. Bai damu da ko Zabarmanci ake yi ko Tamajak ko Fulatanci ba. Idan rezo ya ɗauke, saƙon na jira har ya dawo. Kuma murya shaida ce: wanda ya san dillalinsa shekara ashirin yana gane ko da gaske yake ko yana jan rai.

Kafin wannan, dabarar da ake da ita ita ce bip, wato a kira a katse. Jonathan Donner ya rubuta a kanta a 2007 bayan tattaunawa da masu ƙananan sana'o'i a Ruwanda. Ya rarrabe ta gida uku: ta neman a kira ka, ta isar da saƙon da aka riga aka yi alkawari a kansa, da ta gaisuwa kawai. Ya kuma lura da ƙa'idar da duk Bahaushe ya sani, cewa wanda ya fi ƙarfi shi ke kira.

Ƙungiyar majalisun manoma ta Nijar, RECA, ta bi wannan hanya ta murya. Tana da cibiyar amsa kiran manoma da zaurukan WhatsApp, inda mai lambu ke turo hoton ganyen da tsutsa ta ci ko kwalbar maganin ƙwari da ya saya a kasuwa, malaman gona su amsa masa da murya cikin Hausa ko Zabarmanci. Sauran 'yan zauren na saurare.

Wannan sauraren shi ne abin da ya fi jan hankalin masu bincike. A jihar Gujarat ta Indiya, Neil Patel da Tapan Parikh da abokan aikinsu sun gwada wani layin waya mai suna Avaaj Otalo da manoma 51 na tsawon wata bakwai. Akwai sanarwa a kai, akwai tsofaffin shirye-shiryen rediyo, amma ɓangaren da manoman suka fi shiga shi ne na tambaya da amsa, kuma da yawa sun riƙa kira domin kawai su ji tambayoyin wasu. Sun kuma fi son danna lamba a kan yi wa na'ura magana. A Mali ma, shirin Radio Marché da ƙungiyar Sahel Eco ta gwada da masu bincike na Amsterdam a yankin Tominian ya mayar da tallan zuma da man kaɗe zuwa murya, gidajen rediyon karkara na watsawa.

Amma duk wanda ke cikin zaure mai mutum ɗari biyu ya san ɗaya fuskar. Ba a iya neman kalma a cikin murya. Saƙon minti huɗu, minti biyu na farko gaisuwa ce, ina gajiya, ina iyali, ina dabbobi, kuma ba a tsallake gaisuwa a ƙasar Hausa. Farashin na can wajen ƙarshe. Mafi muni, idan aka tura saƙo daga zaure zuwa zaure, ranar da aka fara yin sa da sunan mai shi ba sa biyo shi. Farashin makon jiya na iya dawowa yau kamar sabo. Gargaɗin da aka yi game da wata hanya watanni uku da suka wuce na iya hana mutane zuwa kasuwa gobe. A 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, amma wannan ya rage gudu ne kawai, bai maƙala wa saƙon kwanan wata ba.

Akwai kuma tambayar da Jonathan Grudin ya yi tun 1988, lokacin da yake binciken dalilin da ya sa manhajojin aikin haɗin gwiwa ke mutuwa a ofisoshi: wa ke yin wahalar, wa ke cin moriyar? Misalinsa kalandar taro ce, wadda shugaba ke amfana da ita amma ƙananan ma'aikata ne za su riƙa cikewa. Da zarar sun gaji, tsarin ya rushe. A mayar da tambayar kara. Duk wani tsarin bayyana farashin dabbobi na buƙatar wanda ya san farashin gaskiya ya faɗe shi, kuma wannan mutum shi ne dillali, wanda la'adarsa ta dogara a kan sanin abin da mai saye da mai sayarwa ba su sani ba. Ana neman ya ba da jarinsa kyauta ke nan.

Kuma aikin dillali ya wuce faɗin farashi. Shi ne mai masauki, shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi ake nema idan bayan kwana uku saniya ta nuna ciwo, shi ke tsaya wa falke idan kuɗi bai cika ba. Manhajar da ta ɗauka cewa shi shinge ne da za a ture ta fahimci kashi ɗaya ne cikin huɗu na aikinsa. Shi ya sa a kasuwanni irin Baleyara wayar ta ƙare a hannun dillalin, ta zama kayan aikinsa.

Rezo, tsaro da doka

Duk wannan na tafiya ne idan akwai layi. Jihar Tillaberi na fama da hare-haren 'yan bindiga, sassanta na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, an kuma hana hawan babur a wurare da dama tun farkon 2020. Hana babur ya ƙara wa waya nauyi, domin saƙon da a da yaro zai kai cikin awa guda yanzu sai ta iska. A wasu yankunan jihar, maharan sun lalata turakun sadarwa. A watan Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula a Nijar na kusan kwana goma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, an rufe iyaka da Najeriya, babbar mai sayen dabbobin Nijar, aka yanke wutar da ke zuwa daga can. Kusan duk manhajar da ake kawowa daga waje an gina ta ne a kan zaton cewa wuta da layi ba sa yankewa.

Ga kuma doka. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, a watan Yunin 2024 gwamnatin soja ta dawo da shi, har da ɗaurin shekara biyu zuwa biyar kan yaɗa bayanan da ka iya ta da hankalin jama'a. A zauren 'yan kasuwa, labarin farashi da labarin hanya tare suke tafiya, domin direban da zai ɗauko dabbobi na buƙatar duka biyun. Shugaban zaure, wanda galibi matashi ne da aka ɗora wa aikin saboda ya iya waya, shi ne ke yanke hukuncin wane saƙo ne gargaɗi, wane ne jita-jita, ba tare da albashi ko horo ba.

A ɓangaren harshe an ɗan matsa. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma masu bincike irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da ƙungiyar Masakhane na tattara rubutun harsunan Afirka domin horar da na'ura. Sai dai yawancin Hausar da aka tara ta Kano ce, ta jarida da ta shafukan sada zumunta. Hausar Kurfai, mai cakuɗe da Zabarmanci da Faransanci, wadda ake yi da ƙarfi a tsakiyar kukan tumaki da ƙarar manyan motoci, ba ta cikin abin da aka koya wa na'urar. Zabarmanci da Tamajak kuwa sun fi ta zama a baya.

Da la'asar ɗin Lahadi, lokacin da ake loda dabbobi zuwa Yamai, teburin mai caji na cike da wayoyi, kowace da alamar da mai ita zai gane ta: zare, ko ƙyalle, ko tsagar da ke jikin gilashi. Masu zuwa karɓa da yawa sai sun roƙe shi ya duba musu ko kuɗin ya shigo, ya kuma faɗa musu nawa ne da dala.